Malamin Duniya Da Bai Wanke Allonsa Ba

 Yau bakina ɗauke yake da magana, kuma kan Amurka zan sauke ta.

Abin da ya tunzura ni shi ne yadda wasunmu, da sun ji an ce "a Amurka haka ake yi", shi ke nan magana ta ƙare, kamar an ja aya. Haba 'yar uwa! Kin kuwa san yadda mutanen nan suke kallon kansu?

Ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba, amma sun ɗauka su ne duniyar. Suna da gasar wani wasan ƙwallon sanda, ƙungiyoyin Amurka ne da Kanada kawai a ciki, amma wanda ya ci sai a kira shi zakaran duniya. A 1998 sakatariyar harkokin wajensu, Madeleine Albright, ta fito fili ta ce ƙasarsu ce wadda duniya ba za ta iya yi ba sai da ita. To madalla. Tunda malam ya ce shi ne malami, bari mu leƙa allonsa.

A 1979 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniyar hana nuna wa mata bambanci. Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1980, amma har yau majalisar dattawansu ba ta amince da ita ba. A 1989 aka yi ta haƙƙin yara. Duk ƙasashen Majalisar sun karɓa, har Somaliya ta bi sahu a 2015, saura Amurka ita kaɗai.

Zo mu je ɗakin mai jego. Dokar tarayyarsu ta 1993 ta ba ma'aikaciya hutun mako 12, amma ba ko sisin kwabo na albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya dokar ta shafa ba. Wata tun ba ta yi arba'in ba take komawa bakin aiki, don kar tukunya ta huce. Baƙar mace kuwa, haɗarin mutuwarta wajen haihuwa ya kusa ninki uku na farar mace. Wannan shi ne gidan da ake mana wa'azi daga cikinsa.

Kar ki ce ina wanke namu ne. Wallahi matan da muke rasawa wajen haihuwa sun fi nasu nesa ba kusa ba, ga 'yan mata birjik da talla a ka maimakon littafi. Ban kuma ce duk Ba'amurke mai girman kai ba ne, cikinsu akwai masu faɗa wa gwamnatinsu gaskiya komai ɗacinta. Amma laifi tudu ne, sun taka nasu suna hango namu.

Abin da nake roƙonki shi ne ki daina auna darajarki da mudun wani. Abu mai kyau in ya zo daga wurinsu, ki karɓa don yana da kyau, ba don daga Amurka ya fito ba. Sa 'yarki makaranta, je ki awon ciki, nemi haƙƙinki a gidan miji, ba sai wani ya yi miki tsawa daga ƙetaren teku ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya sa mu gane, amin.