Sharar Baƙi a Kan Ƙanƙarar Baltoro: Wa Zai Sauko da Ita?

A can arewacin Pakistan, cikin yankin Gilgit-Baltistan, akwai wani ƙauye da ake kira Askole. Shi ne mazaunin mutane na ƙarshe a kan hanyar zuwa K2, tsauni na biyu mafi tsawo a duniya, mai mita 8,611. Daga nan matafiyi zai yi kusan mako guda yana tafiya a ƙasa, mafi yawanta a kan Baltoro, wani daskararren kogin ƙanƙara da tsawonsa ya haura kilomita 60. Huɗu daga cikin tsaunuka 14 na duniya da suka zarce mita 8,000 suna tsaye ne a ƙarshen wannan hanya, shi ya sa duk bazara baƙi suke tururuwa zuwa can daga Turai da Amurka da sauran ƙasashen Asiya, har da 'yan Pakistan ɗin kansu. Sukan koma gida da hotuna masu ban sha'awa. Abin da suke bari a baya kuwa shi ne gwangwanaye da ledoji da robobin ruwa da yagaggun tantuna da igiyoyi, da kuma najasar ɗan Adam.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan shafi da tsaunin da ba mu taɓa gani ba. Amsar tana wajen mutanen wurin. Al'ummar Balti Musulmi ne, kuma su ne 'yan dakon da ke ɗaukar kayan baƙin. A zangunan da ke kan ƙanƙarar, ruwan da ya narke daga gare ta shi ɗan dako ke sha, da shi yake dafa shayinsa, da shi yake alwala. Ragowar ruwan yana malala zuwa kogin Braldu, ya shiga Shigar, ya haɗe da Indus kusa da garin Skardu, kuma a kan Indus mafi yawan noman Pakistan ya dogara. Saboda haka batun tsarkin ruwa ne, abin da kowane ɗalibi ya fara cin karo da shi tun a babin farko na fiƙihu, da kuma haƙƙin maƙwabci.

Wajibi ne a fahimci dalilin da ya sa shara a irin wannan wuri ta bambanta da ta bolar unguwa. A ƙasa mai zafi, rana da ruwan sama da ƙwayoyin halitta suna ruɓar da najasa da ragowar abinci cikin makonni. A Concordia, mahaɗar ƙanƙarar da ke wajen mita 4,600 a sama, sanyi ya hana wannan aiki. Abin da aka zubar bana yana nan baɗi kamar jiya aka ajiye shi. Da zarar an wuce zangon Urdukas babu ƙasar da za a haƙa masai a cikinta, sai tsakuwa a kan ƙanƙara. Tsawon shekaru wasu ayarori sun ɗauka cewa jefa shara cikin tsagar ƙanƙara ya raba su da ita. Sun manta cewa ƙanƙarar tafiya take yi sannu a hankali, kuma duk abin da ta haɗiye sai ta amayar da shi a gaba. A ƙara da kashin alfadarai da dawakan da ke jigilar kaya, da mushen waɗanda suka faɗi a hanya.

Matsalar ta daɗe. Ayarin Italiya da ya fara kai wa ƙololuwar K2 a 1954 ya zo da 'yan dako kusan 500. Zuwa 1990 lamarin ya kai har ƙungiyar Mountain Wilderness ta shirya tafiya ta musamman domin kwaso shara da tsoffin igiyoyi daga tsaunin. A 1993 aka kafa Gandun Ƙasa na Tsakiyar Karakoram, wanda ma'aikatansa ke hawa suna kwasar abin da suka iya. Sai kuma aka shiga zamanin hawan kasuwanci: a kakar 2022 kusan mutum 200 suka kai ƙololuwar K2, fiye da 100 daga cikinsu a rana ɗaya, 22 ga Yuli. Hotunan da suka fito daga sansanonin sama a wannan shekarar sun nuna sababbin tantuna kafe a kan tarkacen tsofaffi.

Muna jinjina wa masu aikin kwashewa, domin aiki ne da ake sayar da rai a cikinsa. Amma ra'ayinmu shi ne gangamin shara bayan an gama kaka ba zai taɓa cim ma masu zubarwa ba. Mutum dubu na zubarwa, mutum goma na kwashewa, kuma masu kwashewar sai sun nemi tallafi kafin su samu abin tafiya. Wannan tsari yana koya wa baƙo cewa akwai wanda zai biyo bayansa da tsintsiya.

Nepal ta riga Pakistan shiga wannan hali, kuma akwai darasi a abin da ta gwada. A yankin Khumbu, mutanen Sherpa sun kafa kwamitin hana gurɓata Sagarmatha tun 1991. A 2014 gwamnati ta wajabta wa duk mai hawa Ebarest ya sauko da kilo 8 na shara, in ba haka ba ayarinsa ya rasa jinginar dala 4,000 da ya ajiye. A 2024 ƙaramar hukumar Pasang Lhamu ta ƙara da cewa kowa ya sauko da bayan gidansa cikin jaka ta musamman. Dokar kilo 8 ta yi kyau a takarda, sai dai ta zo da ɓaraka biyu. Ma'auni ba ya tambayar inda aka tsinto sharar, don haka mutum na iya cika kilonsa daga sansanin ƙasa ya bar na sama, inda ɗaukar kowane kilo ke cin numfashi. Sannan dala 4,000 ga ayarin da kowane mutum a cikinsa ya biya dubban daloli masu yawa ba ta wuce kuɗin kashewa ba. Wanda ya ga sauke tanti zai wahalar da shi sai ya sallama jinginar ya yi gaba. Dokar jakar bayan gida ta fi kusa da daidai, domin ta ɗora nauyin a kan mai shi.

A nan ne muke so mu yi gargaɗi. Idan aka zo maganar ƙazantar Baltoro, wasu kan nuna ɗan dako da yatsa, wai ai su ne suka fi yawa a hanya, kuma su ne ke zagayawa bayan duwatsu. Gaskiya ne sun fi yawa. To amma wa ya kawo su? An bar jaki ana dukan taiki. Mutumin da aka ɗora wa kilo 25, yake kwana cikin kewayen duwatsu da leda a matsayin rufi, ba shi ya tsara tafiyar ba, ba shi ya zaɓi a zo da abinci cikin gwangwani ba, ba kuma shi ya yanke cewa masai na baƙi ne kaɗai ba. An ɗauke shi ne ya hau da kaya. Idan ana son ya sauko da shara, to kaya ce ita ma, kuma tana da lada. Duk tsarin da ya sa ɗan dako ya ɗauko ƙazantar wani kyauta ya ƙara zalunci ne a kan ƙazantar.

Abin da muke ganin ya dace hukumomin Gilgit-Baltistan su yi ba sabon abu ba ne. A rubuta kayan kowane ayari a Askole lokacin shiga, adadin gwangwani da tukwanen gas da igiya da tanti, a sake ƙirgawa lokacin fita. Hukuncin kuma ya hau kan kamfanin da ya shirya tafiyar. Baƙo yana zuwa sau ɗaya ya tafi, tara ba ta dame shi ba. Kamfani kuwa yana buƙatar lasisi baɗi, kuma ranar da aka hana kamfani ɗaya lasisi sauran za su gyara da kansu. Zangunan kan ƙanƙara su kasance da masai na ganga ga kowa da kowa, baƙo da ɗan dako, kuma a saka kuɗin sauko da gangunan cikin farashin tafiyar tun daga farko. Kuɗin da ake karɓa da sunan tsaftar gandu a bayyana wa mutanen kwarin nawa ya shigo, nawa aka kashe. Sojojin da ke da sansanoni a kan wannan hanya tun bayan ɓarkewar rikicin Siachen a 1984 su ma bai kamata dokar ta tsallake su ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: idan sharar ta sauko, ina za ta? Tara ta a bakin Askole a cinna mata wuta ɗauke matsalar ne daga idon baƙo zuwa huhun yaran ƙauye. Ƙarfe da roba su wuce Skardu ko gaba da nan, inda za a iya sarrafa su, kuma kuɗin motar da za ta kai su ya fito daga aljihun wanda ya shigo da su.

Kada mu ɗauka mu 'yan kallo ne kawai. Kaɗan ne daga masu karanta wannan shafi za su taka Baltoro, amma da yawa sun hau Jabalun Nur a Makka, ko suna da niyyar hawa, kuma duk wanda ya hau ya ga robobin ruwa da ledojin da maziyarta ke watsarwa a gefen matakala har zuwa bakin Kogon Hira. Wasu daga cikin waɗannan robobi namu ne. Jagororin alhazai da masu shirya Umara suna iya ba kowane mai hawa leda guda a gindin dutsen, su karɓe ta idan ya sauko.