Zuciyar Mai Jego da Na'urar MRI

Da na je hutu Matazu, na duba wata 'yar'uwata mai jego: ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, ba ta iya barci sai a jingine. Wannan raunin zuciya da ke biyo bayan haihuwa ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka zargi kunun kanwa da wankan jego; daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya jawo hankali ga ƙarancin sinadarin seleniyam.

Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, tana auna girman ɗakunan zuciya da kaurin bangonta. In an yi allurar gadoliniyam, takan fito da tabon da ke cikin tsokar, abin da hoton eko ba ya nunawa. Tabon nan yakan taimaki likita wajen hasashen ko zuciyar za ta farfaɗo, tambayar da ke gaban duk macen da ke son sake haihuwa.

Amma da na ga kuɗin mota zuwa Katsina ya gagari mijinta, sai na rage buri. Ina roƙon gwamnatin jiha ta kawo eko da ƙwararren mai karanta shi kusa da manoma, daga nan a tantace wadda za a tura MRI.