Lafiya Uwar Jiki: Kula da mashin ɗin numfashin barci a ƙasar ƙura

Akwai wata cuta da mai ita ba ya saninta sai iyalinsa sun faɗa masa, domin cikin barci take zuwa. Mutum ya kwanta yana minshari mai ƙarfi, can sai a ji tsit, bayan ɗan lokaci ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, sa'an nan ya koma minsharinsa. Abin da ke faruwa shi ne naman maƙogwaro yakan saki cikin barci ya toshe hanyar iska. Likitoci suna lissafa duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. In ta kai sau 5 cikin awa guda ana fara maganar cuta, in kuwa ta haura sau 30 cutar ta yi tsanani. Mai ita yakan tashi da gajiya da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi a ofis ko a shago, wani lokaci ma yana riƙe da sitiyari tsakanin Maraɗi da Ƙwanni. In aka bar ta tana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya, masu shekaru 30 zuwa 69, suna da ita, mai sauƙi ko mai tsanani.

Maganinta da aka fi dogara da shi wani ɗan mashin ne da likita Colin Sullivan na birnin Sidni a ƙasar Ostiraliya ya ƙirƙiro, ya kuma bayyana shi ga duniya a 1981. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce masa PPC, na ƙasashen Ingilishi kuma CPAP. Ba iskar asibiti ta cikin kwalba yake bayarwa ba. Iskar ɗaki yake zuƙa, ya tace ta, ya tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da aka ɗaura a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Kuɗinsa ɗaruruwan jikkuna ne, akasari kuma daga waje akan kawo shi, tare da littafin bayanin da ba a rubuta shi da tunanin hunturun Damagaram ko bazarar Tawa ba. To, tun da iskar ɗaki yake zuƙa, duk abin da ke cikin ɗakin shi yake kai wa huhu. Saboda haka mai shi a ƙasar nan ba zai tsaya ga abin da littafi ya faɗa kawai ba, dole ya ƙara da abin da ƙura da zafi da ruwan garinsu suka wajabta masa.

Matacin iska

Mafi ƙanƙanta cikin kayan mashin ɗin shi ne matacin iska, wani ɗan ƙyalle ko soso da ke bayan wata ƴar ƙofa a gefe ko a baya, amma shi ne ya fi muhimmanci a ƙasar ƙura. Iri biyu ne. Akwai fari mai kama da takarda, wanda ba a wanke shi, in ya yi datti yarwa ake yi. Akwai kuma mai kauri, wanda ake ɗauraye shi da ruwa, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Wasu kamfanoni sun ce a canza mataci bayan wata guda, wasu sun kai har wata 6, amma dukansu sun yarda cewa inda ƙura ta yi yawa sai a rage wa'adin. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hazo ke rufe gari har tebur ya yi fari tsakanin safe da la'asar, ya kamata a duba mataci kowane mako. Da zarar ya juya launin ƙasa, aikinsa ya ƙare.

Mataci da ya toshe yana wahal da injin, ya sa shi zafi da ƙara, ya rage masa kwana. Abin da ya fi wannan muni shi ne a cire shi a ci gaba da aiki babu shi, ko a yanko auduga ko tsumma a cusa a gurbinsa. Ɗan kasuwar da ba ya yarda a yi wa motarsa irin wannan dabara bai kamata ya yarda a yi wa huhunsa ba.

Wurin ajiya ma yana rage wa mataci aiki. Ba a ajiye mashin a ƙasa, inda ƙura ke kwanciya, kyankyasai da tururuwa ke yawo. A ɗora shi bisa ƙaramin tebur kusa da gado, ƙasa kaɗan da kan mai barci, nesa da labule ko bangon da zai toshe masa kafar iska. Da rana, bayan an kashe shi, a lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da na feshi duk suna bin iska su shiga cikinsa, don haka a yi su tun da wuri, mashin yana rufe, a bar ɗaki ya sha iska kafin a kwanta.

Takunkumi da tiyo

Fuskar mutum tana fitar da maiƙo da gumi, su kuwa suna taruwa a kan roba mai laushi da ke manne da hanci. In maiƙon ya yi yawa robar takan daina kama fata, iska ta riƙa zurarewa tana hura idanu. Mai barci sai ya ƙara tsuke igiya, ya wayi gari da miki a karan hanci, daga nan ya fara ƙin mashin ɗin gaba ɗaya. Alhali kuwa maganin abin bai wuce aikin minti 5 ba: kowace safiya a ciro robar a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu mai laushi marar turare, irin na wankan jarirai, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Da dare kuma a wanke fuska kafin a ɗaura takunkumi, kada a shafa basilin ko man kaɗe a wurin da roba za ta zauna, domin mai yana lalata ta.

Sau ɗaya a mako sai babban wanki. A kwance takunkumi, a wanke sassansa da igiyoyin kai da hannu, a zuba ruwan sabulu cikin tiyo a girgiza, a ɗauraye, a rataye shi bakinsa biyu suna kallon ƙasa har ya tsane. Tiyon da aka mayar da danshi a ciki gidan fumfuna ne, musamman da damina. Rana kuwa ba abokiyar wannan aiki ba ce: zafinta yana busar da roba ta tsattsage, saboda haka shanyar inuwa ce, ko da za ta ɗauki lokaci. Ruwan jabel da alkol da garin sabulun wankin tufafi da tafasasshen ruwa duk ba su da wuri a nan, suna cinye roba, wasunsu kuma suna barin warin da za a kwana ana shaƙa.

A jikin takunkumi akwai wasu ƴan ƙananan huduji da iska ke fita ta cikinsu kullum. Wasu sukan ɗauka yoyo ne su liƙe su da salatif. Wannan kuskure ne mai haɗari, domin ta nan ne gurɓataccen numfashin da mutum ya fitar yake ficewa. In datti ya toshe su sai a goge da burushi mai laushi. Kazalika takunkumi kayan mutum ɗaya ne kamar asawaki, ba a aronsa. Wanda mura ta kama kuma ya riƙa wanke takunkumi da tiyo kullum har ya warke.

Tulun ruwa

Mafi yawan mashinan suna da ɗan tulun ruwa wanda ake ɗumamawa domin iskar ta sami laima, abin da ke da amfani ƙwarai da hunturu, lokacin da hanci ke bushewa har ya yi haɓo. Ruwan da ya fi dacewa da shi shi ne wanda aka tace ta hanyar tururi, wanda masu farmasi ke kira eau distillée. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa a gindin tulu ya yi farin ɓawo kamar na cikin butar shayi. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da wannan gishiri. In tataccen ruwa ya yanke, ana iya lallaɓawa da ruwan sha na kwalba ko tafasasshe da ya huce, a ƙara yawan wankin tulun. Abin da ba a kusanta shi ne ruwan batir na wurin masu gyaran mota, domin ba don jikin mutum aka tanade shi ba, wani ma a haɗe yake da asid.

Kowace safiya a zubar da ragowar ruwan, a bar tulu a buɗe ya bushe, da dare a zuba sabo. Ruwan da ya kwana biyu cikin ɗumi gonar ƙwayoyin cuta ce. In ɓawo ya taru, a jiƙa tulun da farin binegar da aka sirka da ruwa, gwargwadon awon da littafin mashin ya nuna, kamar rabin awa, sa'an nan a ɗauraye har tsamin ya fita. Ba a ɗiga turare ko man zafi a ciki. Ba a kuma ɗaukar mashin daga wuri zuwa wuri da ruwa a tulu, domin in ya kwarara cikin injin ya kashe shi. Shi kansa injin ba a sa masa ruwa: a cire shi daga kuran, a goge bayansa da ƙyalle mai ɗan danshi.

Zafi da kuran

Yawancin waɗannan mashinai an yi su ne domin aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai da Tawa yakan haura digiri 40. Saboda haka ba a barin mashin cikin mota a rufe, ko a bakin taga inda rana ke dukansa. Maganar zafi ba ƙarama ba ce. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya yi kiranye ga miliyoyin mashinansa da aka ƙera tsakanin 2009 da Afrilun 2021, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa ya bi iska zuwa huhu, an kuma nuna cewa zafi da laima suna gaggauta lalacewar. Duk wanda ya sayi mashin na hannu, ko aka aiko masa da tsoho daga Turai, ya kamata ya kai lambarsa ga likita ko dillali a duba ko yana cikin waɗanda abin ya shafa. In an ga baƙin gari-gari cikin tiyo ko takunkumi, a gaggauta zuwa wurin likita. Haka nan na'urorin da ake tallarsu cewa suna tsabtace kayan da iskar ozon ba tare da wanki ba: a watan Fabrairu na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu. Ruwa da sabulu sun fi su araha, sun kuma fi su aminci.

Ɗaukewar kuran da dawowarsa da ƙarfi suna ƙona kayan lantarki, don haka na'urar daidaita ƙarfin kuran ba almubazzaranci ba ce. Mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke kuran da take turowa. Mai hali ya tanadi batir ko sola, ya kuma sani cewa in an kashe abin ɗumama ruwa batir ya fi daɗewa. In injin janareta za a tayar, a kai shi nesa da taga da ƙofar ɗakin barci, domin hayaƙinsa yana kisa, matacin mashin kuwa ba ya tare shi.

Tanadi

Kayan roba ba sa dawwama. Robar hanci takan gaji cikin ƴan watanni, tiyo yakan huje, igiya takan saki. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda hanya ta kai shi inda ake sayar da kayan ya sayo matatai na shekara guda, da robar hanci da tiyo na ajiya. In ana tafiyar fatauci ko ta aiki, mashin ya shiga jakarsa ta hannu, tulu a bushe, kada a jefa shi cikin kaya bisa mota.

Ƙarfin iskar kuwa likita ne ke tsayar da shi bayan gwajin barci, ba a murɗa shi a gida, ba a kuma ɗaukar awon wani a ba wani. In minshari ya dawo, ko gyangyaɗin rana da ciwon kai na safe, alhali kayan suna da tsabta, lokacin komawa wurin likita ya yi, tare da mashin ɗin, domin yana ajiye lissafin kowane dare.

Ya kamata kowane gida ya tsayar da mutum ɗaya da rana ɗaya domin wannan aiki, ma'aikaci ya ɗauki Lahadi, ɗan kasuwa ya ɗauki ranar da ba ya fita da wuri, domin aikin da aka bar wa kowa ba mai yinsa. Ƙazantar kaya tana cikin abubuwan da ke sa mutum ya jingine mashin bisa kabad, cutar kuwa ba ta jira: daren da aka kwana babu shi, a daren take dawowa. Allah ya ƙara lafiya.