Kundin Ƙwayar Cuta da Kafson Tire

Jama'a, malamai da 'yan kasuwa na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ga wata magana da ta kamata mu duba. A kasuwanninmu ana sayar da kafso ƙwaya biyu ko uku a kan tire, mai zawo ya haɗiya, makiyayi kuma ya ɗura wa saniya, ba da izinin likita ba. Muna ganin wannan ciniki ɓarna ne, ga kuwa dalili.

Ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya suna ɗauke da wani ɗan zobe na gado a cikinsu, masana suna ce masa filasmid. Misalinsa kamar kundin malami ne, a cikinsa ake tara laƙanin kauce wa magani. In ƙwaya ta kusanci 'yar'uwarta sai ta kwafa mata, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Kundin kuwa ƙaruwa yake yi, gama yakan tsinci sabon laƙani daga wata ƙwaya, har ya tara na magani huɗu ko biyar. Likitocin Japan ne suka gane haka a 1959 wajen ciwon atuni. A Yaman kuma, daga ƙarshen 2018, ƙwayar kwalara ta sami irin wannan kundi, magunguna da yawa suka daina kama ta. Mu da muka ga kwalarar 2021 mun san abin da wannan ke nufi.

To, duk sa'ad da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu kundi su saura su hayayyafa. Daga nan su bi kashin mutum da na dabba su shiga rijiya, su bi shanun da ake lodi zuwa Kudu.

Wani zai ce asibiti da nisa, hanya ba lafiya, talaka kuwa ba shi da kuɗin magani cikakke. Gaskiya ne, kuma wajibi ne hukuma ta kusanto da likita. Amma araha ba ta ado. Ranar da ɗanka ya kwanta aka yi allura ba ta ci ba, ribar tire ba za ta tashe shi ba.

Saboda haka muna roƙon shugabannin kasuwa su hana wannan ciniki, malamai kuma su faɗakar da almajirai da iyayensu: kada a sha kafso sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, in ya rubuta kuma a sha yadda ya ce.