FILIN MASU MOTOCI: Bel Ɗin Taimin da Famfon Ruwa

A wannan mako za mu ja hankalin masu ƙananan motocin bas a kan bel ɗin taimin, wato ɗamarar nan ta roba mai haƙora wadda ke ɓoye a gaban inji.

Aikinsa shi ne daidaita tafiyar fistin da buɗewar bawul: kirankishaf ya juya sau 2, kamshaf sau 1. Idan ya tsinke mota tana gudu, a yawancin injunan dizal fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi, aikin yini guda ya koma sauke kan inji, fasinja kuwa a bar su a daji.

Bel ba ya cika yin kuka kafin ya tsinke, saboda haka a bi ƙa'idar littafin motar. Tsofaffin Toyota Hiace masu dizal sukan kunna fitilar T-BELT bayan kilomita 100,000. Kashe fitilar ba canja bel ba ne.

A injuna da yawa wannan bel shi ke juya famfon ruwa. Idan famfon ya cije, sai ya zubar wa bel haƙora. Idan ya yi yoyo, inji ya ɗau zafi. Tun da kwancewar ɗaya ce, kuɗin bakanike ɗaya ne, a canja su tare, har da fulin da ke ɗaure bel ɗin. A kuma guji jabun kaya, domin araha ba ta ado.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.