Rowar Adireshi a Zamanin Yalwa

Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsa da ke hannun IANA ya ƙare a Fabrairun 2011. AFRINIC, hukumar da ke raba kason Afirka daga tsibirin Morishus, tun Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a karo ɗaya. Ƙarancin ya sa kamfanonin sadarwa ke cusa jama'a da yawa a bayan adireshi guda. Shi ya sa mai shago a Kano kan sha wahala kafin ya leƙa kyamarar tsaronsa daga gida, kuma idan wani shafi ya toshe adireshin saboda ɓarnar mutum ɗaya, sai wake ɗaya ya ɓata gari.

Wannan tsimi yana da uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne ɗauko halin a kai shi cikin IPv6.

A sabon tsarin, kason da ake kira /64 yana isar rukunin na'urori ɗaya tak, /56 yana isar 256, /48 kuma 65,536. Asibitin da ke son raba kwamfutocin bayanan marasa lafiya da intanet ɗin baƙi yana bukatar rukuni biyu aƙalla. Idan aka ba shi /64 kaɗai, an mayar da shi ga dabarun zamanin fari. Alhali kamfanin da ya karɓi /32 yana riƙe da kason /56 sama da miliyan 16. Takardar RFC 6177 ta 2011 ta ba da shawarar a ba ko da gida fiye da /64 ɗaya, amma ta bar girman ga kamfanoni.

Masu tsoron almubazzaranci suna tuna yadda aka taɓa miƙa wa Apple da Ford adireshi miliyan 16 kowannensu. Sai dai lissafin ya sauya: kashi ɗaya cikin takwas na IPv6 ake rabawa yanzu, kuma shi kaɗai yana ɗauke da kason /48 kimanin tiriliyan 35.

Don haka ya dace NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar su sanya cikin sharuɗɗan lasisi cewa duk layin da aka ja zuwa gida zai zo da /56 aƙalla, na ma'aikata kuma da /48, ba tare da ƙarin kuɗi ba.