Jami'ar likitoci a Azare: me za ta canza wa majinyata da iyayen ɗalibai?

Duk wanda ya taɓa wuni a layin ganin likita ya san ƙarancin likitoci ba sai an ba shi labari ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kuma sun fi taruwa a Legas da Abuja. Ɗaya daga cikin hanyoyin da gwamnati ta bi ita ce buɗe sababbin makarantu, ciki har da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare a jihar Bauchi, wadda aka kafa a 2021, asibitin tarayya na garin kuma ya zama asibitin koyarwarta.

Kafa ta a Azare maimakon babban birni yana da hujja. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su riƙa buɗe makarantun likitanci a wajen manyan birane, su kuma ɗauki 'ya'yan karkara, domin an lura su ne suka fi zama su yi aiki a inda suka fito. Yaron da ya tashi a Katagum, ko makwabta Jigawa da Yobe, yana jin harshen majinyacinsa, ya san dalilin da ya sa ake kai yaro wurin mai maganin gargajiya kafin a zo asibiti. Balle kuma 'ya mace. Kun san gidajen da mai ciki ke fasa zuwa awo saboda namiji ne zai duba ta, kuma makaranta ta kusa da gida takan sa uba ya amince 'yarsa ta yi karatun da ba zai bari ta je Kudu ta yi ba.

Sai dai a ganinmu kada ku sa ran layi zai ragu gobe. Karatun likita shekara 6 ne, sai shekara guda ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Abin da ya fi damun mu shi ne malamai: ƙwararrun likitocin da za su koyar su ne ake rububinsu a Ingila da Saudiyya. Kuma babu abin da zai hana wanda aka yaye a Azare bin sahunsu, muddin albashi da kayan aiki suna nan yadda suke.

Idan ɗanku ko 'yarku na neman gurbi, a nan ko a wata makarantar, kada kyawun gini ko daɗin bakin talla ya ɗauke muku hankali. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta majalisar likitoci ta MDCN daban. MDCN ce ke ba da lasisin aiki, ita ce kuma ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Inda aka ɗauki fiye da ƙa'ida, ɗalibi kan gama karatu ya zauna jiran rantsuwa, iyaye kuma sun riga sun sayar da gona. Ku tambayi matsayin makarantar kafin ku biya ko sisi. A JAMB kuwa, Turanci da Biology da Chemistry da Physics ake rubutawa.

Ku kuma majinyata, asibitin koyarwa na nufin za ku ga ɗalibai a bakin gadonku. Da ku suke koyo, amma dole a nemi izininku kafin ɗalibi ya taɓa ku, kuma in kun ce a'a, hakan ba zai rage muku kulawar da ta kamace ku ba.